Wuƙar Takaba Mai Ƙotar Haure

Illiyasu ya rasu ranar wata Talata, cikin sanyin ƙarshen shekarar dubu biyu da goma sha uku. Yana zaune a bakin aikinsa a unguwar Darrasa ta birnin Alƙahira, a ɗan shagon da yake manna ƙashin raƙumi a jikin akwatunan katako da ake sayar wa baƙi, sai kawai ya kife a kan tebur. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Bai yi jinya ba. Da safen nan ma da kansa ya sauka ya sayo burodi, har ya yi wa matarsa Raliya tsiya wai shayinta ya huce. Aka rufe shi a nan Masar, ƙasar da ya zo karatu yana saurayi, karatun bai kammalu ba, shi kuma kunya ta hana shi komawa gida.

Shekara ashirin da 'yan kai suka yi tare a hawa na huɗu na wani bene a Hayyin Ashir. 'Yarsu ɗaya ce, Mardiya, tana aure a Funtuwa. Don haka wadda ta tsaya wa Raliya ita ce Hassumi, wata dattijuwa 'yar Tasawa da ke dafa wa ɗalibai tuwo a unguwar. Duk Bahaushiyar da ta haihu ko aka yi mata mutuwa a Alƙahira, Hassumi ce a kanta. Ita ta tsefe wa Raliya kai, ta cire mata 'yan kunne, ta ɗaura mata zanen takaba. Da ta gama sai ta ce saura wuƙa.

Raliya ta san al'adar, ta ga an yi wa kakarta a Jibiya. Mai takaba ba ta rabuwa da ƙarfe, da rana yana hannunta, in za ta kwanta yana ƙarƙashin matashi, don kada wani abu ya raɓe ta tana cikin rauni. Ta nuna wuƙar kicin. Hassumi ta ce ina, wannan ta yanka albasa ce, kuma tata ce. Ta mamacin ake so. Suka jawo akwatin ƙarfensa daga ƙarƙashin gado, wanda Raliya ba ta taɓa buɗewa ba don ba halinta ba ne binciken kayan miji. Tsofaffin littattafansa ne a sama, sai babbar rigar da ya yi aure da ita. Can ƙasa suka ji abu mai nauyi naɗe a cikin rawani. Wuƙa ce doguwa, babu kube.

Magariba ta yi, ga shi an ɗauke wuta, idon Hassumi kuma dama ya yi yana. Ta shafa bakin wuƙar da ɗan yatsa, ta ce ƙarfe ƙarfe ne, ta yi bisimilla ta ɗora wa Raliya a hannu.

"Da ita kika shiga, da ita za ki fita," in ji ta. "Wata huɗu da kwana goma. Ba a sauyawa."

Sai da gari ya waye Raliya ta ga abin da ta kwana da shi a ƙarƙashin kanta. Ƙotar ba ƙashin raƙumi ba ce, shi ta san shi, ta sha wanke ƙurarsa a rigunan Malam, mijinta. Wannan ya fi santsi, ya yi launin man shanu, in ka riƙe shi kuma sai ya ɗauki ɗumin hannunka. Hauren giwa ne. An sassaƙa mutane kewaye da shi, kowanne bai fi gaɓar yatsa ba, amma har farcen ƙafarsu ana gani. Mata ne tsirara a cikin ruwa, wata tana jawo ƙyalle ta rufe jikinta, wata ta juya baya. Babbarsu tana tsaye da jinjirin wata a goshi, ta kamfato ruwa tana watsa wa wani. In ka juya ƙotar sai ka ga wanda aka watsa wa. Jikinsa na mutum ne, amma ƙaho ya tsiro masa a ka, rassa-rassa kamar busasshiyar bishiya, karnuka kuma sun cim masa, wani a cinya wani a wuya. Bakinsa a buɗe.

Ta jefar da ita a kan gado, ta goge hannunta da zane. Can kuma ta tuna maganar Hassumi, ta ɗauka, ta yago tsumma ta naɗe ƙotar.

Naɗewar ba ta hana ta gani ba. Mai takaba ba ta da aikin da ya wuce zama, kuma duk zaman da ta yi sai hannunta ya warware tsumman. Mutumin da ko tallan sabulu aka sa a talabijin sai ya kau da kai, shi ne da matan nan a ƙasan akwati? Tun yaushe? Ta shiga tono kwanakin baya tana duba su ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsince shinkafa. Ta tuna lokacin hargitsin farkon shekarar sha ɗaya, da 'yan sanda suka ɓace daga titi aka yi ta fasa shaguna. Akwai ranar da ya ce sai ya je Darrasa ya dubo shago, ta hana shi, ya ƙi. Da ya dawo bai tsaya a falo ba, ya wuce ɗaki ya tura ƙofa. A lokacin ta ɗauka tsoro ne ya kama shi. Yanzu ba ta san abin da za ta ɗauka ba. Tana yi masa addu'a, rabin zuciyarta kuma tana tuhumarsa, sai ta yi istigfari ta sake daga farko.

Da abin ya tsaya a zuciyarta da da sauƙi. Amma wata rana Mahasin, Bahaushiyar Sudan da ke zaune a hawan da ke ƙasa da nasu, ta kawo mata miyar kuɓewa. Raliya ta ajiye wuƙar a kan tabarma ta shiga alwala. Ta fito ta tarar tsumman a gefe, wuƙar a hannun Mahasin, ta kai ta bakin taga tana jujjuyawa. Mahasin ba ta ce komai ba sai a'uzubillahi. Ta ajiye ta da yatsu biyu, ta ce ta bar tukunya a wuta, ta fita ko kwanonta ba ta jira ba.

Kafin Juma'a ta zagayo maganar ta gama Hayyin Ashir, ta tsallaka Arba wa Nus, ta isa ɗakunan ɗalibai a Darrasa. Kuma ta rabu biyu. Mata suka ce gunki ne, mai ƙahon nan shi ne aljanin da Illiyasu ke yi wa hidima, shi ya sa ya ɗauke shi farat ɗaya ba ciwo ba komai. Maza suka ce su ba ruwansu da aljani, amma mutumin da ya kasa sayen tikitin zuwa bikin 'yarsa ina ya ga hauren giwa? Ai kowa ya san abin da aka yi a shagunan tsofaffin kaya shekarar hargitsi.

Ranar sadakar arba'in Hassumi ta dafa shinkafa tukunya biyu, ta soya waina, aka shimfiɗa tabarmi har bakin ƙofa. Waɗanda suka zo ba su cika tabarma ɗaya ba. Su ma suka yi fatiha a gurguje, aka miƙa musu abinci suka ce alhamdulillahi. Iyalan mai gadin benen ne suka cinye shinkafar.

Bayan nan da 'yan kwanaki Mardiya ta bugo waya. Tana da ciki, kuma tun ranar rasuwar dangin mijinta suka ce in namiji ne za a mayar da sunan Illiyasu. To wani ɗalibi ya je hutu ya kai labari. Yanzu surukinta ya ce a dakata tukuna, ba a sa wa jariri sunan da ke da magana a kansa.

"Umma, wai da gaske ne Baba yana da gunki?"

Raliya ta ce ƙarya ne. Ta faɗa da ƙarfi, wuƙar na kan cinyarta. Da ta kashe wayar ta daɗe ba ta motsa ba.

Ukasha, ɗan ƙanen Illiyasu, yana karatun hadisi a jami'ar Azhar, kuma shi kaɗai ne namijin da bai ɗauke ƙafa daga gidan ba. Ya zo da ragowar kayan aikin baffansa a buhu, ya zauna a bakin ƙofar falo kansa a ƙasa, ya ce Inna ta yi haƙuri zai faɗi gaskiya. Riƙe wuƙa a takaba ba shi da asali a littafi. Sannan mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da siffar mai rai, ga shi kuwa yanzu ne Baffa ya fi bukatar rahama. Amma akwai mafita: in aka cire wa siffa kai ta zama kamar itace. Ya zaro magagari daga buhun ya ajiye a gabansa. Aikin ɗan lokaci ne, in ji shi, a goge kawunan, magana ta mutu.

Hassumi tana gefe tana gyaran zogale. Ta ce, "Kai Ukasha, littafin naka ya taɓa zaman takaba?"

"Iya, ai ba a nan take ba."

"A nan take. Ranar da ka mutu ka bar mata, ka aiko mana da yadda kake so a yi. Yanzu dai ka bar mu da namu."

Ukasha ya yi murmushi ya bar maganar, don a wurinta yake cin tuwo. Raliya ta ce ya bar magagarin za ta yi tunani. Ba tsoron Hassumi ne ya hana ta ba. Gani ta yi in ta goge kawunan kamar ta amsa laifin ne, kuma daga ranar babu wanda zai iya duba abin ya ce mata ga ko mene ne.

Takaba ta yi rabi sai ga baƙo. Da hantsi ne, Hassumi na nan. Aka ƙwanƙwasa, Raliya ta buɗe ƙofar iya tsawon sarƙa, ta tsaya daga bayanta. Wani tsohon Bamisire ne cikin kwat mai kauri, yana haki saboda matakala. Ya ce sunansa Hussain, yana da shagon tsofaffin kaya a bayan babban masallaci, marigayi yakan yi masa gyare-gyare. Ya yi ta'aziyya mai tsawo irin tasu. Larabcin Raliya na kasuwa ne, amma ya ishe ta ta gane cewa ba ta'aziyya ce ta hawo da shi hawa huɗu ba. Can kuwa ya rage murya ya ce ya ji ana maganar wata wuƙa. Tasa ce.

Ta ce da me za ta gane tasa ce? Sai ya shiga bayani. A ƙasar Jamus aka yi ta, shekara ɗari uku da suka wuce ko fiye, don sarakunansu masu fita farauta. Daga gidan wani tsohon basarake na nan Masar ya saye ta. Ba ita kaɗai ba ce, tana da 'yan'uwa, duk kube ɗaya suke shiga. Ya faɗi matan da ke wanka, ya faɗi mai ƙahon da karnuka. Raliya ta ce a ranta, wannan ko yaran unguwa sun sani, Mahasin ta riga ta raba wa kowa.

"To yaya aka yi ta zo hannun mijina?"

Ya gyara wuyan kwat ɗinsa. "Ma'alish, yi haƙuri ya Madam, wannan ya wuce. Mutumin ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa."

Ta tambaye shi ina yake kusan shekara uku bai zo nema ba. Ya ce ya yi rashin lafiya, shago ya daɗe a rufe, baƙi sun daina zuwa ƙasar. Kowace amsa tasa sai ta ji kamar an rufe tukunya da murfin da ba nata ba. Ta ce masa ko ma tasa ce ba za ta iya ba shi yanzu ba, da ita ta shiga takaba, sai ta fita, saura kamar wata biyu.

Tsohon bai taɓa jin haka ba. Matan Masar suna zaman mijinsu ba sa riƙe wuƙa. Ɗan kasuwa ne, kuma a wurinsa in aka ce ka dawo bayan wata biyu, ciniki ne aka buɗe. Ya yi 'yar dariya, ya ce ya gane, ya gane, rayuwa ta yi tsada, ga maraici. Ya zaro ambulan ɗin kuɗi daga aljihu ya turo ta ƙarƙashin ƙofa.

Raliya ta dubi ambulan ɗin a ƙasa, ta dubi Hassumi. Mai abu ba ya sayen abinsa. Ta sa ƙafa ta mayar masa. Ya ce zai ƙara. Ya ce kuma ba sai kowa ya ji ba, hukuma ba ta son maganar haure, ɓarayi kuma suna da kunne. A yi abin nan tsakaninsu, khalas, shi ke nan, kowa ya huta.

A nan ne ranta ya ɓaci. Kowa ya huta, sunan Malam kuma ya zauna yadda yake a bakin mutane. Ta shiga ciki ta ɗauko magagarin Ukasha, ta warware tsumman, ta ɗaga su biyun daidai inda ƙofar ta buɗe, ta ɗora haƙoran magagarin a kan matar nan mai jinjirin wata. Ta ce masa ɗansu malami ne, ya ce a cire musu kai.

Ba ta taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Ya miƙo hannu biyu kamar wanda aka ɗaga jaririnsa a bakin rijiya, yana cewa la, la, haram alaiki, wato a'a, a'a, ki ji tsoron Allah. A nan ta yarda ya san abin, ya kuma damu da shi. Ko nasa ne, wannan ba ta sani ba tukuna.

"Ba na son kuɗinka," in ji ta. "Bakinka nake so. Ranar da zan fita takaba mutanenmu za su taru a nan. Ka zo da 'yan'uwan nata da ka ce, ka faɗa wa maza ko mene ne wannan, da yadda aka yi ta zo hannun mijina. In ka zo, ka tafi da ita. In ba ka zo ba, ga magagari."

Ya yi ta roƙo, ya ce taro ba alheri ba ne ga irin wannan kaya. Ta rufe ƙofa. Sun daɗe suna jin numfashinsa a waje kafin ya fara sauka.

Ragowar kwanakin ba ta yarda da kowa ba. In ta leƙa taga ta ga mutum ya daɗe a bakin shagon mai lemo, sai ta ce shi aka aiko. Ta riƙa tokare ƙofa da tebur. Ta zargi Mahasin da haɗa baki da tsohon, ta zargi mai gadi, har Ukasha sai da ta daina barin wuƙar a inda idonsa zai kai. Hussain ya aiko da kwandon lemo, ta ce a ba mai gadi, ta kuma sa ido ta ga ko zai kwana lafiya. Hassumi ta ce mata in ta ci gaba a haka za ta fita takaba ta shiga asibitin mahaukata. Amma ita ce ta bi ɗalibai da 'yan kasuwa ɗaya ɗaya, ta ce duk wanda ba ta gani ba ranar, ya nemi mai yi masa tuwo. Wasu don tuwon suka amsa, wasu don su ga gunki da idonsu.

Ranar ta zo, sanyi ya tafi, an fara zafi. Raliya ta yi wanka, aka yi mata kitso, ta sa sabon zane. Falo ya cika da maza, mata suka cushe a ɗaki da kicin, Mahasin a cikinsu. Aka yi karatu aka shafa. Abinci na jere ba wanda ya taɓa, kowa na satar kallon ƙofa. La'asar ta gota Raliya ta fara lalubar magagarin a ƙarƙashin matashi, sai aka ji tari a matakala.

Hussain ya shigo rungume da jaka. Ya gaisa, aka ba shi kujera, ya buɗe jakar a kan cinyarsa ya fito da kube na baƙar fata mai bakin azurfa, faffaɗa, da aljihuna a jikinsa. Wata babbar adda ce a tsakiya, ga cokali mai yatsu a gefe, ga wani dogon tsinke, aljihu ɗaya kuma babu komai. Duk ƙotocinsu haure ne. A jikin ta addar ga matar nan mai jinjirin wata, wannan karon da tufafinta, ta ɗana kibiya tana bin gursunun daji. Raliya ta miƙo wuƙar ta bayan labule, Ukasha ya karɓa da gefen rigarsa ya kai. Tsohon ya jujjuya ta, ya duba kawunan ɗaya ɗaya, sannan ya zura ta a aljihun. Ta shige daidai, bakin azurfarta ya haɗu da na kuben.

Malam Sada, wanda ya fi kowa daɗewa a Masar a cikinsu, ya tambaye shi ko bauta wa abin ake yi. Hussain ya ce ko kusa. Nama ake yankawa da ita in sarki ya kashe barewa. Wanda ya sassaƙa ta ma Kirista ne, gwaninta kawai yake nunawa. Tatsuniya ce ta mutanen da: wani mafarauci ya ɓace a daji, ya faɗo inda sarauniyar farauta ke wanka da kuyanginta, ta ji haushi ta watsa masa ruwa ya rikiɗe ya zama barewa irin tasu mai ƙaho, karnukansa na kansa ba su gane shi ba suka cinye shi.

Wani ɗan kasuwa mai suna Nata'ala ya ce, "Wato leƙe ne ya ja masa."

"Bai leƙa ba, ɓata ya yi," in ji Ukasha.

"Haka kowane mai leƙe ke cewa."

Aka yi dariya, har daga kicin. Malam Sada ya bari ta lafa, sannan ya ce saura ɗaya. Yaya aka yi ta zo hannun ɗan'uwansu?

Hussain ya dubi labulen da Raliya ke bayansa. Ya dubi kuben a cinyarsa. Sannan ya ce ranar da aka fara fasa shaguna ya raba kayansa masu daraja ga mutanen da ya yarda da su, don kada a kwashe a wuri ɗaya. Wuƙar nan Illiyasu ya ba wa. Daga nan ciwo ya kwantar da shi. Ya ce abin da ke hannun nan zai gina bene a ƙasarsu, mutumin yana cikin babu, amma bai sayar ba, bai ko gaya wa matarsa ba. Ya ce a shekarunsa na kasuwa bai ga masu amana irinsa da yawa ba.

Falon ya ɗauki kabbara. Malam Sada ya ce su duka su nemi gafarar mamaci, shi ne na farko. Aka sake ɗaga hannu aka yi addu'a, doguwa wannan karon. Aka jawo farantai. Mahasin ta rungume Raliya tana kuka tana cewa shaiɗan ne, ta kuma ci waina har da neman ƙari.

Raliya ta amsa wa kowa, amma kunnenta na kan maganar tsohon tana juya ta. In haka ne, me ya hana shi faɗa ranar farko, da ta tambaye shi a bakin ƙofa? Kuma wa ke raba wuƙa da kubenta in zai ba da ajiya? Ta ga ya miƙe yana sallama. Yau ba abin da ya hana ta fita. Ta yafa mayafi ta bi shi, ta same shi a kwanar matakala yana hutawa, babu kowa a wurin.

"Ya Hajj, abin da ka faɗa a ciki, haka aka yi?"

Ya ƙara matse jakar a ƙirjinsa. "Madam, ni na samu wuƙata da kawunanta. Ke ma kin samu abin da kika nema."

"Ba shi na tambaye ka ba."

"Na sani. Mijinki ya yi min aiki shekara da shekaru. Hannunsa mai kyau ne. Allah ya jiƙansa."

Ya kama ƙarfen matakala ya ci gaba da sauka a hankali. Ba ta sake kiransa ba. Mutumin da aka ɗora wa magagari a kan kayansa, me ba zai faɗa ba? Ko da ya juyo yanzu ya rantse mata, ba za ta san ko don gaskiya ya rantse ba ko don ta bar shi ya tafi. Shi kaɗai ya sani, shi da wanda ke kabari.

Ta hawo. Hassumi na tsaye a bakin ƙofa da waya a hannu, ta ce Mardiya ce, tun ɗazu take bugowa. Raliya ta karɓa ta shiga banɗaki don hayaniya, ta tura ƙofa.

Ta ce wa 'yarta ta gaya wa surukinta amana ce aka ba Babanta. Mai ita ya zo da ƙafarsa, ya faɗa a gaban mutane, Malam Sada na wurin, kowa ya ji. In namiji ne a sa sunan.

Mardiya ta fashe da kuka. "Dama na sani, Umma. Wallahi dama na sani. Ga shi nan kusa, ki faɗa masa da kanki."

Raliya ta ji ana miƙa wayar, ta ji gyaran muryar dattijo daga can Funtuwa. Ta buɗe ƙofa ta yafito Ukasha daga falo, ya taso yana suɗe hannu, fuskarsa cike da murna.

"Zo ka yi wa surukin Mardiya bayani," in ji ta. "Kai ka fi ni iya faɗa."